Kano a ƙafa: inda za ka je, lokacin da ya dace, da abin da za ka ci

Abin kallo a Kano mutane ne a bakin sana'arsu, kuma kowace sana'a da lokacinta. Marini da hantsi yake aiki, mai waina kafin ƙarfe goma ta kusa tashi, ɗan kasuwar yadi ta Kwari sai rana ta ɗaga yake buɗe shago, mai tsire kuwa kafin la'asar ko wutar bai gama haɗawa ba. Baƙon da ya iso wuri mai kyau a lokacin da bai dace ba zai tarar da rufaffiyar ƙofa ko ragowar jiya, ya koma gida yana cewa an zuzuta garin. Shi ya sa tsara lokaci ya fi yawan wuraren da ka lissafa muhimmanci. Kwana biyu cikakku sun isa a ga cikin birni da kasuwanni ba tare da gaggawa ba, in an san abin da za a sa a gaba.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tafiyar ƙafa ta fi daɗi, sai dai hazon hunturu yakan rufe gari, musamman a Disamba da Janairu. Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma yawon kasuwa da azahar a wannan lokaci wahala ce zalla. A Agusta ruwa yakan cika lunguna da kwatoci. Wanda yake da zaɓi ya zo ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba: ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta sauko ba, sabon hatsi ya shigo kasuwa. Ranaku biyu kuma a kiyaye su. Ranar Juma'a daga wajen sha biyu tituna da yawa sukan toshe saboda sallah, shaguna su rufe har a sauko. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma ranar tsaftar muhalli ce, ana hana zirga-zirga da safe har ƙarfe goma.

Dala da sassafe

A fara da Dutsen Dala, bayan sallar asuba da gari ya ɗan waye. Akwai matakala ta siminti har sama, hawan bai wuce minti goma zuwa sha biyar ga mai matsakaicin ƙarfi ba. Amfanin farawa da shi shi ne daga can ne za ka fahimci shimfiɗar garin kafin ka nutse cikin lunguna: ga Goron Dutse can gefe, ga hasumiyoyin babban Masallacin Juma'a kusa da Gidan Rumfa, wato fadar sarki, ga cunkoson rufin Kasuwar Kurmi, ga kududdufan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidajen birni shekaru aru-aru. A gindin wannan dutse mutanen farko suka zauna suna narkar da tama, nan ne kuma labarin Barbushe da abin bautarsu Tsumburbura ya samo asali tun kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko. Kada ka matsa bakin dutsen don ɗaukar hoto, domin jar ƙasa ce da zaizaya ta ci gefenta, takan zame da mutum. Ka tafi da ɗan unguwa ko wani da ya san wurin, kada ka hau kai kaɗai da almuru. Ranar bikin Takutaha, mako guda bayan Mauludi, dutsen yakan cika maƙil da jama'a. Abin kallo ne, amma ba ranar da za a hau da ƙananan yara ba ce.

In ka sauko, lokacin karin kumallo ya yi, kuma unguwannin da ke kewaye da dutsen ba sa rasa mai waina ko mai ƙosai a bakin lungu. Wainar kirki daga tanda take zuwa hannunka: gefenta ya yi ja ya ɗan yi ƙamas, cikinta fari mai ƙofofi, tsaminta kaɗan. In ta yi tsami har tana kama harshe, ƙullun ya kwana ya wuce misali. In cikinta ya yi danƙo kamar bai nuna ba, wutar ta yi yawa, bayan ya ƙone kafin ciki ya dahu. Da miyar taushe ake cin ta, ko da ƙuli da mai, wasu kuma da sukari ko zuma. Ƙosai kuwa da koko ko kunun tsamiya. Ka duba man da ake suyar: in ya yi baƙi yana hayaƙi, wuce gaba.

Kasuwar Kurmi

Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma har yau tana wurinta a bakin rafin Jakara. A nan ayarin Sahara yake sauke gishiri da kanwa da kayan Arewacin Afirka, ya ɗauki baƙin yadi da fata da goro. Kasuwar ta ragu daga yadda take a da, manyan 'yan kasuwa sun koma Kwari da Sabon Gari, amma kayan hannun Hausa na gaske har yanzu a nan suka fi taruwa. Ka shiga tsakanin ƙarfe goma da azahar. Layukan ƙunci gare su, wasu da kwata a tsakiya, don haka rufaffen takalmi ya fi silifa. Mota ba ta da amfani a nan. A sauke ka a bakin kasuwa ka taka.

Kowane kaya da layinsa. Akwai masu kayan doki, inda za ka ga sirdi da linzami da likkafa da ragama da jalala, kuma gab da sallah layin nan yakan cika da yaran hakimai. Akwai dukawa masu jaka da takalmi da tumtum da gafaka. Akwai masu ƙwarya da faifai da ludayi da akushi. Akwai masu littattafai, inda ake samun Alƙur'ani bugun Warshu da littattafan ajami da allo da tawada. Akwai masu kayan yaji da na magani: kanumfari, citta, masoro, kimba, jar kanwa, ungurnu. Ba sai ka saya ba kafin ka tsaya ka yi tambaya, muddin ka fara da sallama da gaisuwa. Dattijo a ce masa Baba ko Alhaji, sa'a a ce masa Malam. Wanda ya ɗaga waya ya fara ɗaukar mutane hoto ba gaisuwa ba izini, shi ne yake dawowa yana cewa 'yan Kurmi ba su da fara'a.

Ciniki yana da ƙa'idarsa, kuma baƙi da yawa a nan suke ɓata rawarsu da tsalle. Mai kaya zai faɗi kuɗi ko ya ce ka taya. In tayinka bai kai ba zai ce albarka, sai ka ƙara ko ka yi godiya ka wuce, babu ɓacin rai. Amma in ka taya ya ce ya sallama, ciniki ya faɗa, kuma abin kunya ne ka juya ka tafi. Don haka kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye. Kafin ka taya komai, ka tambayi kuɗin irinsa a rumfa biyu ko uku. In wani ya manne maka tun daga bakin kasuwa yana cewa zai kai ka inda ya fi sauƙi, ka sani la'adarsa a cikin kuɗin da za ka biya take; in kana son ɗan rakiya, ku daidaita abin da za ka ba shi tun farko.

Kayan fata sai an duba da kyau. Fatar da aka jeme da bagaruwa yadda ya kamata tana da laushi, bayanta yana da ɗan gashi-gashi, warinta ba ya hawa kai. In tana ɗoyi tun a rumfa, jimar ba ta kammala ba, kuma da damina ta zo warin zai ninka, ba turaren da zai kashe shi. Ka murza jan launin fatar da farin ƙyalle mai ɗan laima ka ga ko yana zuba. Ka buɗe jaka ka dubi ɗinkin ta ciki, domin gam ake sa wa mai arha a yi mata ɗinkin ado a sama. Tumtum kuwa a saye shi ba ciko, a ninke shi a jaka, in an isa gida a cusa masa tsumma ko auduga. Wanda zai fita ƙasar waje ya guji duk abin da aka ce masa tsohon kayan tarihi ne, saboda doka ta hana fitar da irinsu ba da izinin hukumar gidajen tarihi ba.

Gurasa ita ce abincin wannan yanki, don a Jakara da Cheɗiyar 'Yan Gurasa ake gasa ta tun kaka da kakanni. Ƙullun fulawa ko alkama ne da yis da ɗan gishiri, a bar shi ya tashi, a manna shi a jikin tanderun da aka zafafa da kara. Bandashe shi ne yadda Kanawa suka fi cin ta: a ɗan tsoma gurasar a ruwan ɗumi ko a yayyafa mata, a barbaɗe ta da garin ƙuli-ƙuli mai yaji, a zuba man gyaɗa, a yanka albasa da tumatir da kabeji a kai. Abu biyu ne ke ɓata shi. In ruwan ya yi yawa sai ta caɓe ta zama kamar fate, in kuma ƙulin ya tsufa sai ka ji maƙaƙi a maƙogwaro. Gurasar yau tana lanƙwasuwa ba ta karye ba, ta jiya kuwa marmashewa take. Ka ce a haɗa maka a gabanka, ka faɗi yawan yajin da kake iyawa.

Gidan Makama da ƙofar fada

Daga Kurmi zuwa fada tafiyar ƙafa ce ta cikin unguwanni, ko 'yan mintuna a adaidaita sahu. Gidan Rumfa gidan sarauta ne mai rai, ba a shiga sai da izini da ɗan jagora daga fada, amma filin Ƙofar Kudu da dogarai cikin ja da kore sun isa kallo. Gidan Makama, wanda yake daura da fadar, shi ne gidan tarihi da kowa zai iya shiga da ɗan kuɗin tikiti. Ka ba shi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da hotunan zuwan Turawa da suka ci Kano a 1903, da ɗakin amarya da jerenta irin na da. A ganina ginin kansa ya fi duk abin da aka ajiye a ciki. Ka ɗaga kai ka dubi yadda aka ɗaure rufin soro da azara aka yi bakan gizo, ka taɓa kaurin bangon tubali, ka lura da sanyin da ke ciki ko da rana ta take ba tare da fanka ba. Maginan da suka iya wannan aiki sun yi ƙaranci, kuma duk shekara sai an rushe wani tsohon soro a birni an maye shi da bulo.

Haka abin yake ga ganuwa. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta a farkon ƙarni na 12, sarakunan baya suka faɗaɗa, amma yau yawancinta ta zube ko an yi gini a kanta. Ƙofofi irin su Nasarawa da Na'isa da Kabuga da Ɗan'agundi da Mazugal suna nan da sunayensu, sai dai an sake gina mafi yawansu don faɗaɗa titi. Guntayen badalar da suka rage an fi ganin su ta gefen titin BUK, wato Jami'ar Bayero. Ka tsaya ka gani, kada ka hau, don kowane hawa ƙara zubar da ita yake.

Marinar Ƙofar Mata

Wannan ita ce wurin da ya fi cancantar ka zauna ka daɗe. A bakin marinar an rubuta shekarar 1498. Ramukan rinin, wato karofi, zurfinsu ya fi tsayin mutum, kuma an shafe cikinsu da laso don kada ruwa ya tsiyaye. Ana cika rami da ruwa, a zuba toka, a zuba busasshen baba, a ƙara kanwa da katsi, sannan a bar shi ya ruɓa na tsawon makonni ana motsa shi da doguwar sanda. In kumfa mai shuɗi ta taso sama, warin ya kai, ruwan ya nuna. Rami ɗaya yakan yi watanni ana aiki da shi kafin ƙarfinsa ya ƙare, a kwashe laka a ƙona ta ta zama katsin da za a sake amfani da shi.

Ka roƙi marini ya tsoma farin ƙyalle a gabanka. Zai fito da shi kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe ya koma shuɗi kana kallo. Ba daɗewa a cikin ruwa kaɗai ke sa launi ya yi duhu ba, yawan tsomawa da fitarwa ne, shi ya sa shuɗi mai haske yake da sauri, baƙi mai duhu kuwa yakan ci sa'o'i. Zanen da kake gani a jikin yadin mata ne suke ƙulla shi da zare a cikin gida kafin a kawo marina. A gefe kuma akwai masu bugu, suna zaune a gaban gungume suna dukan yadi da manyan sanduna har ya yi sheƙi. Da hantsi ake samun kowa a bakin aiki. Da yamma sai ka tarar da ramuka a rufe. Za ka kuma ga ramuka da yawa sun bushe an daina amfani da su, saboda yadin kanti da rinin bature sun kwashe kasuwa.

In za ka saya, ka sani baba shuɗi kaɗai yake bayarwa, daga mai haske zuwa mai duhu. Ja da kore da ruwan ɗorawa da za ka gani a rataye rinin kanti ne. Ba laifi ba ne a saya, amma kada a biya kuɗin baba. Rinin baba na gaske yana da ɗan warin rami, kuma yakan ɗan shafa a hannu da farko. Wankin farko a yi shi shi kaɗai da ruwan sanyi, ba bilic, ba jiƙawa ya kwana, a shanya a inuwa. Wanda ya haɗa shi da fararen kaya ya rina su duka. Ka ba marinin da ya nuna maka aiki wani abu ko da ba ka saya ba, domin lokacinsa ka ci. Mai son ganin rawani da turkuɗi mai ƙyalli irin wanda Buzaye suke saye, sai ya ƙarasa garin Kura a kan hanyar Zariya.

Da rana ta take, abincin da ya dace shi ne mai riƙe ciki. Ɗanwake garin wake ne da na rogo ko fulawa, da kuka da ruwan kanwa, a jefa a tafasasshen ruwa, a ci da mai da yaji, wani lokaci da dafaffen ƙwai. In kanwa ta yi yawa sai ya yi duhu ya yi ɗaci, kuma yakan ɓata ciki. In kuka ta yi kaɗan sai ya narke a tukunya. Garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, a kowace unguwa akwai mai sayar da shi, kuma daɗinsa yana ga man gyaɗan da aka soya da albasa. Mai son tuwo ya nemi na shinkafa da miyar taushe, ko na dawa da miyar kuka mai daddawa da man shanu. Alkubus da funkaso da sinasir an fi samun nagari a gidajen biki ko wajen matan da ake ba su aiki daga gida, don haka in kana da masauki a cikin gari ka roƙi uwar gida ta sa a yi maka. Ƙa'ida ɗaya ce a kan abincin titi: ka ci inda layi yake, kuma inda tukunya take kan wuta. Fura da nono ma haka. Ka lura da ruwan da ake damawa da ƙanƙarar da ake sakawa, don galibin ciwon cikin baƙo daga nan yake zuwa, furar ba ta da laifi. In kana shakka, ka sayi furar da kindirmo ka dama da ruwan gora a masauki.

Kwari da sauran kasuwanni

Rana ta biyu ta kasuwanni ce. Kantin Kwari kasuwar yadi ce da 'yan sari ke zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru da sauran sassan Najeriya, kuma cunkosonta ya wuce yadda baƙo yake zato. Kada ka je kafin ƙarfe goma, kada kuma ka kai magariba. Turmin atamfa yadi shida ne. Namiji yakan sayi yadi biyar na shadda don kaftani da wando, mai son babbar riga kuwa ya tambayi telansa kafin ya fito, don abin ya danganta da tsayinsa da faɗin rigar. A auna a gabanka. Atamfa ta gari launinta ya ratsa fuska biyu kusan daidai, mai arha kuwa bayanta fari-fari ne. Shadda mai sheƙin ƙarya wankin farko take zubar da shi ta koma laƙwas, kuma sunayen manyan kamfanoni irin su Getzner ana buga su a jikin jabu. In farashin ya faɗi ƙasa da abin da shaguna uku suka gaya maka nesa ba kusa ba, ba sa'a ka yi ba. Daga Kwari zuwa Fagge, inda teloli da masu aikin wuyan riga suke, taku kaɗan ne, haka ma Wapa wajen 'yan canji.

Sauran kasuwannin kowacce da abin da ta shahara da shi. Singa ta kayan masarufi ce a kan sari, Sabon Gari ta komai da komai, 'Yankaba ta kayan gwari, 'Yan Lemo ta kayan marmari, Mariri ta goro, inda ƙwarya ɗaya take nufin goro ɗari. Dawanau a kan hanyar Katsina ita ce ta hatsi, kuma ko ba za ka sayi ƙwaya ɗaya ba ya kamata ka ga layukan rumbunan riɗi da wake da zoɓo da citta da tireloli ke lodi. A nan kirarin nan na ko da me ka zo an fi ka yake tabbata a ido. Sai dai tana da nisa da ƙura, rabin yini za ta ci maka.

Zirga-zirga a cikin gari adaidaita sahu ce, tunda an hana acaɓa ɗaukar fasinja tun 2013. Ko ka shiga ta haɗaka a biya kuɗin kujera, ko ka ɗauki shata. In shata ce a gama ciniki kafin ka hau, ka riƙe canji. An sha sa dokar hana su aiki bayan ƙarfe goma na dare, don haka ka tanadi yadda za ka koma masauki. Maganar ƙwacen waya kuma gaskiya ce: kada ka riƙe waya a hannu ta gefen titi a cikin adaidaita, kada ka tsaya kana latsa ta a lungu da duhu.

Mai sauran lokaci ya leƙa Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, gidan ƙasa da Bature Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909, ko gidan Mambayya a Gwammaja inda Malam Aminu Kano ya rayu. Mai yara kuma ya kai su gidan zu na Audu Baƙo da safe kafin dabbobi su shige inuwa.

Nama bayan la'asar

Tsire da balangu da kilishi aiki uku ne daban. Tsire yankakken nama ne a jikin tsinke, a shafe shi da ƙuli da mai, a kafa shi kewaye da wuta. Balangu manyan yanka ne, galibi na rago, a gasa a kan waya a hankali, a lulluɓe da takarda ya turara. Daga bayan la'asar zuwa isha'i ne lokacinsu. Ka zaɓi yankan da kake so da kanka, ka ce a mayar maka da shi kan wuta ya yi zafi kafin a yanka, ka karɓi yajin a gefe don ka san ɗanɗanon naman tukuna. Naman da aka tula wa yaji tun kafin ka tambaya, sau da yawa na jiya ne ake ɓoyewa. Tsire da gurasa mai ɗumi, da shayi a teburin mai shayi daga baya, ya wadatar a matsayin abincin dare. Mai son romo ya nemi farfesun kayan ciki ko ragadada, mai son abincin kudu kuwa, sakwara da miyar agushi, Sabon Gari zai nufa.

Kilishi shi ne tsarabar Kano, kuma unguwar Agadasawa ta yi suna a kansa. Ana fere jan nama marar kitse ya yi siriri kamar takarda, a shanya a rana, a tsoma shi a labu, wato tunkuza da aka dama da albasa da kayan yaji, a sake shanyawa, sannan a ɗan nuna masa wuta. Akwai ja akwai fari, jan launi ne ake ƙara masa. Nagari yana karyewa da ɗan ƙara amma ba ya zama gari, kuma in ka ɗaga shi za ka ga naman, ba labu zalla ba. Wanda labunsa ya yi kauri nauyi kawai aka ƙara maka. Ka ɗanɗana kafin a auna. A naɗe shi a takarda, kada a ƙulle shi a leda da zafinsa, don gumi zai sa ya yi hunhuna cikin 'yan kwanaki. Da damina a ƙara kula, saboda rana ba ta isar sa bushewa sosai. Alkaki da nakiya da dubulan ma suna jure tafiya, amma a ba da aikinsu kwana biyu kafin ranar tashi.

Wanda zuwansa ya dace da sallah zai iya samun hawan sallah, wanda UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Ranar sallah sarki yakan dawo daga filin idi na Ƙofar Mata a kan doki, washegari a yi Hawan Daushe da yamma, wanda ya fi kowanne cika da ado, a ƙare da jahi a Ƙofar Kudu. Kashegari Hawan Nasarawa ne da safe, sannan Hawan Ɗorayi a ƙaramar sallah ko na Fanisau a babba. A 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan saboda dalilan tsaro, don haka ka tabbatar za a yi kafin ka sayi tikitin tafiya. In za a yi, ka isa wurin awa biyu kafin lokaci, ka nemi bene ko wuri mai tudu, ka riƙe ruwan sha. Kada ka tsaya a bakin hanyar da dawakai ke sukuwa, kuma ka nisanta yara daga 'yan bindiga, saboda ƙarar bindigar gargajiya takan firgita doki ya yi cikin mutane.